Ɗan maigidana yana so in canja masa fulin sufacaja a ɓoye

Assalamu alaikum, Baba. Ni bakanike ne a wata warsha, wato garejin gyaran mota, a sana'iyyar Jidda, unguwar masu gyara, kuma mai warshar shi ne kafilina. Dattijo ne mai mutunci, bai taɓa riƙe min albashi ba. Ɗansa mai shekara 22 yana hawa Dodge Charger Hellcat da uban ya saya, istimarar ma, wato takardar rajistar motar, da sunan uban take. Ya yi odar ƙaramin fulin sufacaja (faifan da bel ke juyawa a kan famfon da ke cusa wa inji iska) daga Amurka, ya ce in ɗaura masa da dare bayan an rufe warsha, kada babansa ya sani, zai ba ni riyal 1,500 a hannu. Na tambaye shi batun barmaja, wato sake saita kwamfutar motar, ya ce sai daga baya. Kukansa shi ne da rana motar ba ta da kuzari, abokansa suna wuce shi. Mahaifiyata tana kwance a asibiti a Kano, kuɗin nan zai yi min rana. Kuma ina tsoron in na ƙi ya ɓata ni a wajen babansa, don yanzu shi ke zama a ofis. Yaya zan yi?

Ɗanka, daga Jidda

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya yi maka buɗi ta inda ba ka zato.

Kada ka ɗaura fulin nan da dare. Na faɗa maka tun daga sama don kada ka yi ta laluben amsa. Canja fuli aiki ne da ake yi, kuma yana ƙara wa mota ƙarfi da gaske in an yi shi da cikarsa. Sai dai abin da yaron nan ya miƙo maka a kwali guntun aiki ne, guntun da ya fi sauƙi da arha, sauran kuma da duk abin da zai biyo baya a wuyanka zai rataya.

Na san hannunka ya saba da inji, amma mu bi lissafin tare, don da shi za ka yi wa yaron magana. Sufacaja famfon iska ne da karanshaf ke juyawa da bel: babban fuli a ƙasa, ƙarami a sama a hancin sufacajar. Ka ɗauki juyin inji, ka ninka da faɗin fulin ƙasa, ka raba da faɗin na sama, ka sami juyin sufacaja. A injin Hellcat mai lita 6.2, kamfani ya sa sufacaja ta yi juyi 2.36 duk lokacin da inji ya yi ɗaya. Idan inji ya kai juyi 6,200 a minti, ita tana wajen 14,600, nan kuma aka tsayar mata. A haka take tura iska da matsin 11.6 a ma'aunin psi, motar ta ba da ƙarfin doki 707. To ka rage faɗin fulin sama da kashi 10 cikin ɗari kawai. Rabon ya koma 2.62, sufacaja ta haura juyi 16,200. Ka rage kashi 15, ta wuce 17,000. A takarda, ragin kashi 10 yana ƙara matsi wajen psi 3, tunda irin wannan sufacajar awo take ɗiba, kowane juyi da adadin iskar da take turawa. Wannan psi 3 ɗin shi yaron ya gani a intanet ransa ya biya.

Abin da bai gani ba shi ne zafi. Ka taɓa jikin famfon keke bayan ka gama ba taya iska, ka ji yadda ya ɗau ɗumi. Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi, kuma iya matsi iya zafi. Iskar da ta shiga sufacaja tana digiri 40 tana fitowa ta haura 100 kafin ta bi ta intakula, abin da ke sanyaya ta. Shi ya sa kamfani ya yi wa intakular motar nan hanyar ruwa tata daban, da famfonta na lantarki da ƙaramin lagiretonta a gaba. An auna su ne daidai da matsin 11.6. Mu kuma ba a ƙasar sanyi muke ba. A Jidda aka auna digiri 52 a watan Yunin 2010, kuma a lokacin zafi irin na nan babu mai rasa ganin 40 da rana, ga kwalta tana huci, ga cunkoson titin Madina inda mota ke tsaye iska ba ta ratsa lagireto. Ruwan intakula ya ɗau zafi, ya ƙi sauka. Kwamfutar mota ta ga iskar da ke shiga ta yi zafi, sai ta ja taimin baya, wato ta jinkirta lokacin da fulogi ke ba da wuta, don ta kare fistin, ƙarfi ya ragu.

Ka lura da kyau, wannan shi ne ainihin kukan yaron. Ya ce da rana motar ba ta da kuzari. Ba iska ta rasa ba, zafi ne ya yi mata yawa. In ka sa mata ƙaramin fuli ka ƙara mata ciwon da take kuka da shi. Da asuba a hanyar Obhur zai iya jin ta yi tsalle a takun farko, amma da azahar, a taku na biyu da na uku, motar abokin nasa da ba a taɓa ba za ta iya barinsa a baya fiye da da.

Sannan motar nan ba irin ta da ba ce da kake juya sukuru ta bi ka. Akwai bawul na lantarki da ke mayar da rarar iska, kwamfuta ce ke riƙe da shi, kuma an rubuta mata iyakar matsin da za ta yarda da shi. Ba barmaja, ba ta san ka canja komai ba. Abin da za ta gani shi ne matsi ya wuce ƙa'ida, aikinta kuwa ta zubar da rarar, ko ta kunna wutar cek ta rage wa inji ƙarfi. Sufacaja tana ta wahalar gudu, boris ɗinta yana cin wuya, iska tana ƙara zafi, amfanin kuma kaɗan ne ko babu. Kwana biyu zai dawo maka da fuska a ɗaure ya ce aikinka bai yi ba.

Daga nan ne haɗarin gaske yake farawa, don na san abin da "sai daga baya" ke zama. Kwamfutar motocin Dodge daga 2015 a kulle take zuwa, sai an buɗe ta kafin a rubuta mata wani abu, kuma wannan kuɗi ne. Yaron da ya ƙi biyan barmaja yau, gobe fayil mai arha zai nema wanda aka rubuta wa wata mota a Amurka, a turo masa ta waya, a ɗora ba tare da an hau daino, na'urar gwada ƙarfin mota, an auna ba. A nan man fetur ke yaudarar mutane. Lambar da ke jikin famfon gidan mai a Amurka da tamu ba awo ɗaya ba ne. Tasu tana ƙasa da tamu da maki huɗu zuwa biyar a mai iri ɗaya. Koren manmu na 91 daidai yake da 87 ɗinsu, wato mafi ƙasa a wajensu. Jan 95 shi ne yake kusa da 91 ɗinsu. Yawancin barmajar da ake sayarwa da ƙananan fuli kuwa don 93 ɗinsu aka yi ta, wanda a awonmu wajen 98 ne. Yaro ya karanta "91 ko 93" a shafin mai sayarwa, ya shiga gidan mai ya ga 91 da 95, ya ɗauka ya ma wuce abin da ake buƙata.

Ka haɗa matsi mai yawa, iska mai zafi, da man da bai kai ba, a injin da matsin silindarsa 9.5 ne tun daga kamfani. Maimakon wuta ta tashi daga fulogi ta bazu a hankali, sai ragowar man da ke gefe ya fashe da kansa kafin wutar ta iso shi, ya doki kan fistin. Wani lokaci ka ji ƙas-ƙas-ƙas a ƙarƙashin rurin inji, wani lokaci da irin ƙarar salansar motar nan ba za ka ji komai ba. In injekta da famfon mai suka kasa kai man da iskar ke nema, abin ya ƙara muni, don ƙarancin mai ƙarin zafi ne. Ka zare fulogi a irin wannan injin, ka kai shi haske: farin kaskon da ke bakinsa za ka gan shi da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, wasu suna ƙyalli. Masu ƙyallin nan alminiyon kan fistin ne ya fara narkewa yana fallatsa. Bayansu sai bakin fistin da ke riƙe ringi ya ɓalle, ko gaskit ya ƙone, inji ya buga. Ba sai an yi wata guda ba. Taku ɗaya mai tsawo a hanyar Jidda zuwa Makka da rana tsaka ya isa. An kuma daina ƙera Charger mai wannan injin tun ƙarshen 2023, inji irinsa kuwa albashinka na shekara ba lalle ya saye shi ba.

Bel ma yana da nasa. Ƙaramin fuli wurin kamun bel ɗinsa kaɗan ne, ga nauyin juyawa ya ƙaru, sai ya riƙa zamewa a sama. Alamarsa baƙar ƙura mai laushi a hancin sufacaja da ƙarƙashin bonet. Ka shafa yatsa ka ga ta manne maka. Shi ya sa ake canja tsawon bel, a duba abin ɗaure shi, wasu ma su gwammace su ƙara girman fulin ƙasa maimakon rage na sama. Cire na saman kuma da kayan zarewa na musamman ake yi. Wanda ya sa guduma da dare yana sauri kada a gan shi, ya gama da boris ɗin hanci.

Yanzu mu zo kanka, don kai ne ka dame ni, ba motar ba.

Motar ta dattijon nan ce. Sunansa ke kan istimara, warsharsa ce, kayan aikinsa ne, wutarsa za ka kunna, igamarka ma, takardar zamanka a ƙasar, a ƙarƙashinsa take. Ya ba ka mabuɗin wuri ya tafi gida ya kwanta saboda ya yarda da kai. Duk abin da aka ce maka "kada babana ya sani", to wanda ya faɗa ya riga ya san uban ba zai yarda ba. Kuma ka tambayi kanka dalilin da zai sa uba ya ƙi. Motar nan da mabuɗi iri biyu take zuwa, ja da baƙi: jan yana sakin dawakin 707 duka, baƙin yana tsayar da su a 500. Kamfanin da ya ƙera ta ma ya san ba kowane hannu ake sakar wa ita gaba ɗaya ba. Ɗan shekara 22 da ke son ƙari a kan wannan don abokai sun wuce shi, ba a filin tsere suka wuce shi ba, a kan titin da matan mutane da 'ya'yansu ke bi ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta, babu cutarwa. In wani abu ya faru da yaron nan ko da wani a hanya, Allah ya kiyaye, ba za ka iya haɗa ido da uban ba, ko da babu wanda ya kai ka ƙara.

Ga kuma doka. Baƙo a ƙasar nan ba ya aiki don aljihunsa a wajen yarjejeniyar aikinsa. Hukuncin tara ne da tarhil, wato a kore shi gida, in aka maimaita har da ɗauri. Kuɗi a hannu, da dare, ba takardar warsha, ba sa hannun kowa: in magana ta ɓaci, me za ka nuna? Yaron ɗan gida ne. Iyakarsa faɗa, a karɓe mabuɗi wata ɗaya, a mayar masa. Kai kuwa abin da zai ce shi ne bakanike ne ya ba shi shawara, ko bakanike ne ya ɓata aiki, kuma ramin da za ka tsaya ka kare kanka babu shi, tunda ka riga ka yarda ka ɓoye wa maigida abu. Tsoron da kake ji na ya ɓata ka in ka ƙi, na fahimce shi, amma ka auna: wanda ya ƙi aikin ɓoye yana da bakin magana gaban kowa. Wanda ya yi shi, ya ba yaron igiyar da zai ja shi da ita duk ranar da ya ga dama.

Batun Hajiya ba ƙarami ba ne, ba kuma zan ce ka yi haƙuri kawai ba. Ka ce mutumin nan bai taɓa riƙe maka albashi ba. Ka same shi bayan sallar la'asar, lokacin da ofis ba kowa, ka gaya masa mahaifiyarka tana asibiti, ka nemi sulfa, wato rance, a riƙa cirewa a albashi kaɗan-kaɗan. Abu ne da aka saba a warshoshi, ba roƙo ba ne, ba abin kunya ba ne. Ka kuma faɗa wa 'yan uwa na nan, mutanen garinku da kuke haɗuwa ranar Juma'a. Don irin wannan ranar ake zumunci. Kada ka haɗa maganar sulfa da maganar fuli a zama ɗaya, kada ya zama kamar kana sayar da sirrin ɗansa.

Shi kuma yaron, kada ka ce masa "a'a" ƙeƙasasshe, kada kuma ka zagaya bayansa ka kai tsegumi tun bai ji daga bakinka ba. Namiji ne, ka ba shi girmansa. Ka ce masa: "Aikin nan zan iya, kuma ina so motarka ta fi ta kowa. Amma da rana zan yi shi, da takardar warsha, da sanin Baba, kuma cikakke." Sai ka zauna ka rubuta masa abin da cikakke ke nufi, da farashin kowane: buɗe kwamfuta, barmaja a kan daino da jan man 95 na nan, a zafin nan, wajen wanda zai duba ma'aunin mai da iska da ƙwanƙwasa yana gyarawa, babban lagireton intakula, bel da abin ɗaure shi, fulogi 16 masu jure zafi, don biyu-biyu ne a kowace silinda, injekta da famfon mai in lissafi ya nuna na ciki ba za su kai ba. Ka gaya masa in akwai sauran garanti, to ya yi sallama da shi. Da yawansu in suka ga jimillar a rubuce sai jikinsu ya yi sanyi. In bai yi ba, ya ɗauki takardar ya kai wa mai motar. Uban ya yarda, ka yi aikinka da hannu biyu, ba laifi a kanka.

Kada ka bar shi hannu wofi kuma, don yana da kuka na gaskiya. Ka sa kwamfutar dubawa ku fita tare da rana, ka nuna masa da idonsa yadda zafin iskar shiga ke hawa, taimin yana ja baya. Ka duba ko famfon ruwan intakula yana aiki, ko akwai iska a hanyar ruwan, ka wanke lagireton gaba da ƙurar Jidda da gishirin teku suka toshe, ka canja abin tace iska, ka tabbatar 95 yake sha ba 91 ba. Wannan duk gyara ne na yau da kullum da za ka yi da rana a gaban kowa, kuma zai iya dawo masa da dawakin da zafi ke sace masa. Sannan ka duba tayoyi. Hellcat ɗin da ba mai faɗin jiki ba da taya mai faɗin milimita 275 take zuwa a baya, kuma ko a yadda take ba sa iya kai ƙarfinta ƙasa, sai su yi ta juyawa a banza suna hayaƙi. Taya mai kyau ta fi fuli amfani a motar nan nesa ba kusa ba. In gudu yake so da gaske, akwai wurinsa: filin Dirab kusa da Riyad, da Sakhir a Bahrain mai layin tsere na miƙe, inda akwai shinge da motar asibiti. A kan titi kuwa kyamarar Saher tana kallo, tafhit kuma, wato wasan ganganci da mota, tararsa riyal 20,000 ce a karon farko tare da tsare mota kwana 15, ta biyu 40,000, ta uku 60,000.

In ya matsa, ko ya fara yi maka barazana da aikinka, to lokacin zuwa wajen uban ya yi, kuma ka gaya wa yaron za ka je. Ka faɗi abin da ya faru yadda ya faru, ba ƙari, ba zagi: "Ya nemi in yi kaza, na ce sai da izininka." Ka ajiye saƙonnin da ya turo maka a waya, kada ka goge ko ɗaya. Ba na zaton dattijo irin wanda ka siffanta zai kori mai tsare masa dukiya da ɗa. In kuma zaman ya ƙi daɗi bayan haka, ka sani tun watan Maris na 2021 ma'aikacin kamfani da ya cika shekara yana iya neman canjin wurin aiki ta Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago a intanet, bisa sharuɗɗan da aka gindaya, bakanike mai hannu kuma ba ya rasa warsha a Jidda.

Zai iya yiwuwa ya kai ta wani wuri a ɗaura masa, sannan wata rana ya shigo maka da ita wutar cek tana ci, ya ce ka goge masa kawai. Kada ka goge. Ka buɗe bonet, ka ɗauki hoton fulin da lambar kilomita, ka karanta lambobin matsalar ka rubuta su a takardar warsha da kwanan wata, ka sa ya sa hannu kafin ka taɓa ko sukuru ɗaya. In ya ƙi sa hannu, motar ta tsaya a inda take har maigida ya zo ya gani.